Surukin Allon Talla

Babu otal a duk Chiang Mai da ya kai namu 'yantar da ɗan Adam. Khun Wirot, mai otal ɗin, shi ya sanar da mu haka a taron safe, bayan ya dawo daga wani kwas a Bangkok. A can aka koya masa cewa maza masu son maza da mata masu son mata suna yawan tafiye-tafiye, kuma suna komawa inda aka mutunta su.

Aka rataya tuta mai launin bakan gizo a ƙofa. Aka hana mu tambayar maza biyu ko gado biyu suke so. Silifas ɗin ɗaki ma aka daina ajiye babba na miji da ƙarami na mata. Baƙi suka ji daɗi, mu ma ba mu rasa komai ba. Sai dai Khun Wirot yana son hoto: auren gargajiya, maza biyu, a kafa a allon talla na bakin tashar mota.

Idonsa ya faɗa kan Pichit, mai karɓar baƙi. Pichit yana zaune da Sakda, wani tela mai tumbi da furfura, tun kafin a gina otal ɗin. Kowa ya san abin da ke tsakaninsu, ba wanda ya taɓa faɗa. Mahaifiyar Pichit ma, Mae Buaphan, wato Inna Buaphan, in ta zo daga ƙauyensu na Phrae, "abokin hayarka" take ce wa Sakda, ta ci girkinsa ta koma.

"Pichit, nan ba a ɓoye-ɓoye," in ji Khun Wirot. "Kai ne fuskarmu."

Pichit ya haɗa tafukansa a ƙirji ya yi murmushi. Mu ba ma ce wa babba a'a. Murmushi muke yi, shi kuma ya zaɓi fassarar da ta yi masa.

"Khun, ko in tambayi Sakda?"

"Telan? Allon ba zai ɗauke shi ba. Ya dai ɗinka muku rigunan. Da Decha za ka tsaya."

Decha shi ne mai haɗa lemo a bakin wurin iyo, kyakkyawa, da matarsa da 'ya'yansa. "Yaya Pichit, tun yanzu ka sani," in ji shi, "ina minshari, kuma ba na wanke kwano."

Khun Wirot ba ya son abin bogi. Don haka ya ɗauko goggonsa, ya kawo zaren da malaman haikali suka yi wa addu'a. Tsohuwar ta ɗora musu zaren a ka ya haɗa su, ta zuba musu ruwa a hannu daga ƙaton ɓawon dodon koɗi, ta sa albarka har da ƙwalla. A wajen mai ɗaukar hoto, hoto ne. A wajen kowace tsohuwa a arewacin ƙasar nan, in an ɗora zare an zuba ruwa, aure ya ɗauru, an gama magana.

Allon bai daɗe a tsaye ba Mae Buaphan ta sauka daga motar safe, ɗauke da kwandon tsiren alade da shinkafa mai danƙo. Pichit ya shirya wa kukanta. Sai ta shafa kansa.

"Da ka faɗa min, ɗan nan. Na ɗauka zan mutu ban ga ka zauna da kowa ba. Duk matan haikali sun ga hoton. Sun ce surukina ya fi na kowa kyau."

"Mae, wato shi wannan hoton..."

"Na sani, kunya ka ji. Ni ma na daɗe ina ji. Ya wuce."

Abin da Pichit ya shekara da shekaru yana jira ke nan, ya kuma zo da sunan wani. In ya gyara, uwarsa za ta koma ƙauye ta ce wa matan haikali auren ɗanta talla ne, maigidansa kuma ya zama maƙaryaci a gaban tsohuwa.

Khun Wirot da ya ji labari sai ya sa aka kira Decha zauren baƙi. Decha ya durƙusa, don shi ma ba a koya masa a'a ba. Mae Buaphan ta ɗaura masa farin zare a wuyan hannu ta kira shi ɗanta. Baƙi suka tafa. Pichit ya buɗe baki, ya dubi uwarsa, ya dubi maigidansa, ya yi murmushi.

Sakda yana tsaye daga baya riƙe da kwandonta, shi ya kawo ta a babur.

"Sakda, kai mutumin kirki ne," in ji ta, "amma mai aure ba ya zama da abokin haya. Mutane za su yi magana. Ka nemi ɗaki."

"To, Mae. Akwai wuri a shago."

"Yauwa. Sannan ka ɗinka musu riguna iri ɗaya, za su zo min bikin sabuwar shekara."

Sakda ya ajiye kwandon, ya zaro abin awo daga aljihu.

"Decha, ɗaga hannu, ka yi ƙiba," in ji shi.

Pichit kam, Sakda bai auna shi ba, ya san awonsa.