Makullin Orrin

"Ɗaga min filon nan, Royce, ka daina zagaye kamar kare ya ji ƙanshin nama," in ji Orrin.

Royce ya ɗaga. Tun da asibiti ta sallamo tsohon aka ajiye gadonsa a falo, kusa da tagar da ke kallon gidan Royce. A ƙarshen gadon wata mata ce zaune da kwamfuta a cinya, Imelda, abokiyar aikin Orrin, wadda ta tuƙo mota tun daga garin Tucson. Kofin Orrin ne ma a hannunta.

Orrin ne ke riƙe da makullin babbar manhajar da su 'yan sa-kai suka gina don tafiyar da kwamfuta kyauta. Sai abin da ya yarda ke shiga cikinta. Mai son ta kuwa da hannu zai girka, layi bayan layi, yini guda. Royce ya rubuta abin da zai yi duk wannan da danna maɓalli ɗaya, yana nan cikin filasha a aljihunsa.

"Tsoho, kafin ka ba da makullin nan," in ji Royce, "ka dai duba abin nawa. Yana aiki."

"A kwamfutarka."

"Da ta matarka Bev ma!"

"Biyu ke nan." Orrin ya yi tari, matarsa Bev ta goge masa baki. "Ran da ya share wa wata hotunan jikokinta, wa zai amsa mata? Kai? Rubutawa ba wuya, yaro. Renon ne, shekara da shekaru, ba ko sisi."

"Zan rene shi."

Orrin ya nuna taga da haɓa. Shingen da Royce ya fara tun bazarar bara yana nan, rabi a tsaye, rabi katakai a jibge cikin dusar ƙanƙara.

Imelda ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Royce ya kau da kai. Shi ke kwashe wa tsohon nan ƙanƙarar ƙofa, shi ke kai shi asibiti. Ita fa? Saƙonni kawai take turowa ta intanet.

"Ita ta amsa wa mutane duk tambayar da na gaji da ita," in ji Orrin, kamar ya ji abin da ke ran Royce. "Na ba ta makullin jiya. Kai na bar maka zartona."

Ranar Alhamis da hantsi Orrin ya cika, Bev na karanta masa labarin wasan hoki.

Bayan jana'iza Royce ya ɗauki zarton ya tsallaka gida. Ya tsaya a inda shingen ya ƙare. Ta taga yana hango Imelda a kujerar Orrin, tana nuna wa Bev allo da yatsa, Bev na danna haruffa ɗaya-ɗaya. Ya taɓa filashar a aljihu. Sannan ya sunkuya ya ja na saman katakan da ke jibge, amma ƙanƙara ta manne shi da 'yan'uwansa.