Kasuwar Motocin da Ba a Kashewa

Jiya da dare, bayan na gaji da juyi a kan katifa, na yi wani mafarki da har yanzu nake jujjuya shi a raina.

Sai ga ni a bakin wata kasuwar motoci, goye da Inna a bayana. Da zanenta ta ɗaure mu, ita da kanta ta gyara ƙullin, ta ce in daina tafiya kamar ana kora ta. Ban yi mamaki ba, domin a farke ma kusan haka abin yake. Gwiwoyinta sun ƙi, hawa babur ya gagare ta, likitan birni kuma yana son ganinta a kai a kai. Kuɗin da na tara na sayen mota ɗaya ne, tsohuwa, kuma in ta zo da ciwo babu ragowar da zan kai ta gyara. A mafarkin kuɗin nan sun zama zabuwa. Na matse ta a hammata, ita kuma sai kallon sama take yi.

"Riƙe ta da kyau, Tasi'u," in ji Inna. "In ta tashi ba ka da wata."

Ruwa ake yi a garin, amma daga ƙasa yake tasowa ya nufi sama. Mutane suna tafe da lema a juye wajen gwiwa, hulunansu a bushe, wandunansu sharkaf. Na ɗan tsaya ina kallon yadda gajimare ke cika kamar randa, har Inna ta zungure ni da haɓarta.

A ƙofar kasuwar akwai ofis, awaki ne ke aiki a ciki. Wata akuya mai tabarau ta ɗago kai daga tebur.

"Saye ko kallo?"

"Saye."

"Masu saye ta ƙofar fita suke shiga."

Ta buga wa wata takarda hatimi da kofatonta, ta miƙo mini, kafin in karɓa ta cinye ta. Ta ce kada in damu, an adana.

Da muka shiga, abin da na fara lura da shi ƙara ce. Duk motocin kasuwar a kunne suke, babu direba ko ɗaya a ciki. Wasu na tsaye suna rawar jiki, wasu na kiwo a gefen katanga. Rana kuwa tana tsakiyar kai, an ɗaure ta da igiya a jikin turke don kada ta gusa.

Wani bunsuru ya taho cikin babbar riga, ya sha turare, amma turaren da warin sun yi canjaras. Ya ce sunansa Alhaji Gwadabe, dillali ne, kuma tun kafin a haife ni yake ajiye mini mota. Da ni yake gaisawa, idonsa na kan zabuwar.

"Hajiya, sannu da hanya," ya ce wa Inna.

"Ban je ba tukuna," in ji ta.

"Ai da wannan motar za a je."

Motar da ya nuna baƙa ce, tana sheƙi har na ga fuskata a jikinta, kuma fuskar ta fi tawa ƙiba. Na ji ta shiga raina, ba zan ɓoye ba.

"Mace ce mai ita," in ji Alhaji Gwadabe. "Malamar asibiti. Daga gida sai wajen aiki."

"Ina gidan nata?"

"A cikin asibitin."

Na leƙa agogon da ke ƙirga tafiyar mota, na ga lambobinsa baya suke yi. Ya ce haka motocinsu suke, kullum ƙara yarinta suke yi. Wannan da nake gani, shekaranjiya ta girme ni. In na yi haƙuri da ita zuwa baɗi za ta koma sabuwa fil, in na wuce haka kuma ta zama keke.

Na ƙwanƙwasa ƙofar baya da ɗan yatsa, kamar yadda na ga masu saye suna yi. Sai aka amsa daga ciki.

"Wane ne?"

"Mai saye ne. Ina neman ƙarfen ƙofar."

"Ba ya nan. Tun ranar haɗarin ya fita. Ni fenti ne, ni kaɗai aka bari a gidan."

Alhaji Gwadabe ya yi tari, ya ce fentin wasa ya cika yi da baƙi.

Nan take ƙasa ta buɗe a ƙarƙashin motar, Ila makanike ya fito. Abokina ne tun muna yara, amma ban taɓa ganinsa da farar shadda ba sai a nan, ko ɗigon baƙin mai babu a jikinta. Bai gaishe ni ba. Ya zaro sandar awon mai daga injin, ya lasa, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miyar biki.

"Ta yi kauri," ya ce. "An zuba mata mai kauri don ta yi shiru gaban baƙi. Bari ta kwana biyu a gidanku, za ka ji bakinta."

Ya koma cikin ƙasa, ƙasar ta rufe. Na so in tambaye shi inda ya samu shaddar.

Sai ga mu gaban wata fara. Wannan doguwa ce, kujerunta masu taushi, har Inna ta miƙa hannu ta taɓa. Amma na lura gabanta na ja gabas, bayanta na ja yamma, tsakiyarta kuma tana nishi. Na durƙusa na leƙa, na ga layin walda ya zagaye cikinta kamar ɗinkin buhu.

"Biyu ce aka haɗa," na ce.

"Riba ke nan," in ji dillalin. "Kuɗin ɗaya, mota biyu."

Ashe gaban daga wata ƙasa ya zo, bayan daga wata, kuma ba sa jin yaren juna. Wani ɗan akuya ne ke zaune a kan rufin yana yi musu tafinta. Na tambaye shi me suke cewa. Ya ce gaban na tambayar ina za a je, bayan kuma na cewa shi dai a mayar da shi gida. Na ce to in muna kan hanyar birni suka ɓata fa? Ya ce ya danganta da kujerar da Inna take.

Inna ta janye hannunta.

Ta uku ja ce, ita ba ta bari na duba ta ba, ita ta duba ni. Ta haska ni da fitilunta daga hula zuwa takalmi, ta ce in buɗe baki. Ta tambayi sana'ata, na ce ɗinki. Ta tambaya ko ina da wani ɗan'uwa a ƙasar waje da zai riƙa aiko mata da kayan gyara, domin ita ba ta sa na kasuwar gida. Na ce akwai wani ƙanin babana a Gusau. Ta karkato fitilunta wajen hammatata.

"Wannan ta hammatarka fa?"

"Kuɗin sayenki ne."

"Ayya. Na ɗauka karin kumallona ne."

Zabuwar ta ƙara shigewa cikin rigata. Ni kuwa ban ji haushi ba, don ta fi sauran gaskiya.

Muna cikin zagayawa wani abu ya yi ta damuna, na rasa mene ne, sai da na dafa murfin injin wata mota ya ƙona ni. Na dafa na kusa da ita, shi ma zafi. Na juya wajen Alhaji Gwadabe.

"Alhaji, a kashe mini ɗaya mana, in ga yadda take tashi."

Awakin kasuwar duka suka daina tuƙa. Wata ta saki biron da ke bakinta. Har ruwan da ke hawa sama ya tsaya a daidai ƙugu yana saurare.

"Ba ma yin wannan a nan," in ji shi a hankali.

"Tun yaushe suke kunne?"

"Tun kafin ka iso."

"In da jiya na zo fa?"

"Da tun shekaranjiya." Ya gyara rigarsa. "Malam Tasi'u, mota kamar mutum ce, ba a shigar mata ɗaki tana barci. Mu nan unguwar Rana Tsaka ce. Mai son ganin tashin mota sai ya tafi unguwar Asuba."

A garin nan lokuta unguwanni ne, da ƙafa ake zuwansu. Aka nuna mini hanya ta bayan kasuwa. Na ratsa Hantsi, inda kowa ke shanya, na gangara ta wani lungu da ake ta soya ƙosai ba mai saye. Ina tafiya haske na raguwa, sanyi na ƙaruwa. Na ji Inna ta ƙara nauyi a bayana, kuma tun da muka bar Hantsi ba ta sake cewa komai ba. Na ɗauka barci ne.

Unguwar Asuba shiru take. Mota ɗaya ce a cikinta, kwance ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, raɓa ta rufe ta. Koriya ce da ta koɗe, ƙofa ɗaya kuma ruwan toka, da gani aro ce. Na yi sallama. Ta buɗe fitila ɗaya.

"Saye?"

"In mun daidaita."

"To ka ji tun yanzu. Gilashin bayana ba ya sauka. Rediyona tasha ɗaya yake kamawa, ita ma sanarwar ɓatan awaki ce. Hon ɗina sai ka roƙe shi. In an hau tudu ba na son a yi mini hira."

"Haɗari fa?"

"Sau ɗaya, da jaki. Mun yafi juna."

Na zagaya ta, na ƙwanƙwasa ko'ina, ƙarfe ne ke amsawa da kansa. Na leƙa ƙarƙashinta, ƙasar a bushe, ba ɗigon mai. Na dafa murfin injin, sanyi ƙalau kamar tulu.

"Kina tashi?"

"Makullin na jiki. Ni ba na rantsuwa."

In ta ƙi, ban san inda zan nufa da Inna ba. Na zura hannu ta taga na murɗa. Ta yi tari ɗaya irin na dattijo zai fara magana, sai ta kama. Ƙarar a daidai, ba kakari, ba hayaƙi. Na tsaya ina saurare, daɗi ya cika ni har na ji ina dariya ni kaɗai. Na buɗe ƙofar baya, na ga kujerar ƙasa-ƙasa ce, ba sai an ɗaga ƙafa sosai ba.

"Inna, mun samu! Sauko ki shiga."

Na kwance zanen, na sauke ta a hankali. Ƙafafunta suka taɓa ƙasa, amma ba su miƙe ba. Ta riƙe ƙofar da hannu biyu, ta cije leɓe, gumi na tsattsafo mata a cikin wannan sanyin. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Dakata," ta ce. "Ni ban tashi ba tukuna."

"Inna, ba haka kike ba. Kullum na shigo gaishe ki a zaune nake samunki, kina cewa da sauƙi."

"Da hantsi kake shigowa."

"To kafin hantsin fa?"

Ta ɗan yi murmushi, ba ta kalle ni ba. "Kafin nan na shafa man zafi, na ja jiki zuwa inda rana ke fara sauka, na yi ta lanƙwasa su har su yarda. In ka shigo ka tarar da ni a shirye. Kana da abin da ya dame ka, ɗan nan, ba sai na ƙara maka ba."

Motar ta rage ƙararta. Da ta yi magana, a hankali ta yi.

"Ɗumama maka ita ake yi kafin ka iso."

Na sunkuya zan ɗauke ta, amma ɗaukar Inna sai da hannu biyu, ga zabuwa a hammata. Na dubi motar. Ta buɗe but ɗinta na baya. Na ɗaga hannu, zabuwar ta yi tsalle ta faɗa ciki, murfin ya rufe. Cinikin ke nan, babu dillali babu la'ada.

Na tallabi Inna, na juya da ita wajen kujerar. Sai na ji wata ƙara. Ƙiiir. Ta tsaya. Ƙiiir. Na ce shi ke nan, an cuce ni, ga ciwon ya fito tun ban bar wurin ba.

"Ba ni ba ce," in ji motar.

Ƙiiir.

Na buɗe ido. Ɗakina ne, duhu bai gama washewa ba, ko kiran farko ba a yi ba. Ƙarar daga tsakar gida take zuwa, irin wadda na saba ji cikin barci in gyara kwanciya. Na tashi na ɗaga labule.

Inna ce. Ta dafa kujera 'yar tsugunno da hannu biyu, tana tura ta gaba a kan siminti, ta ja ƙafa ɗaya, ta huta, ta ja ɗayar, buta rataye a wuyan hannunta. Ba ta ko kai rabin hanyar famfo ba.

Ta ɗago ta gan ni. Ta yi sauri ta saki kujerar, tana ƙoƙarin miƙewa tsaye.

"Na tashe ka ko? Koma ka kwanta," ta ce. "Ai da sauƙi."