Jirgin da Ya Yi Shiƙa a Zabori

"Na bar maka kason, Hama," in ji Alhaji Alfari, ya miƙa hannu. Hama ya cafke da sauri, kada tsohon ya sake shawara.

Shekara ashirin su biyun suna haɗa jarin kamiyo, manyan motocin kaya, a Gaya. Bana wani kamfani daga Kotonu ya zo wa manyan masu motoci da tayi iri biyu. Akwai ƙaramin jirgin sama, jet, mutum takwas su haɗu su mallaka, kowa da ranakunsa; kaso ɗaya ya rage, Alfari aka fara yi wa tayi. Akwai kuma elikofta. Shi wannan ko ƙusa ɗaya ba taka ba ce, kati ake ba ka na ɗan ƙungiya, da 'yan awoyi a shekara.

"Alhaji, kai da wayonka!" Hama ya ce yana dariya. "Jet ya kai ka Lome shayinka bai huce ba. Ka bar wannan ka ɗauki fanka mai ƙara?"

"Jet ɗinka ina yake sauka?"

"Filin jirgi mana."

"To, ni inda za ni babu."

Alfari bai yi lakwal ba, bai iya karatun boko ba, amma ya sa wakilin kamfanin ya karanta masa takardun sau uku. Tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa: elikoftan yana girgiza mutum?

Matarsa Hajiya Ma'u ce dalili. Shekara shida ke nan ciwon baya ya hana ta shiga mota, ko rami ɗaya ba ta iya ɗauka. Yayarta Rabi'atu, wadda ta raine ta, tana wani ƙauye kusa da Zabori, tsufa ya zaunar da ita. Sai dai su yi waya, Ma'u ta ajiye ta juya fuska bango.

Bayan girbi ya ce mata, "Hajiya, ɗaura sabon zane, za mu gaida Yaya."

"Alhaji, kada ka yi mini wasa da wannan."

"Na taɓa?"

Ya riga ya aika ƙauyen a nemi fili mai tauri a share. Mutanen suka zaɓi masussuka, suka tattare geron da aka sussuke gefe guda, a ganinsu ya yi nisa. Da jirgin ya sauko, iskarsa ta ɗebi ƙaiƙayi ta watsa wa gari duka. Kaji suka tarwatse, rufin wani rumbu ya tashi.

Aka sauko da Ma'u a kan kujera. Rabi'atu na zaune bisa tabarma, ƙaiƙayi har a gira, tana dariya hawaye na zuba.

"'Yar nan, da guguwa kika zo mini?"

Ma'u ta kifa kai a cinyarta. Tsohuwar ta shiga tsince mata ƙaiƙayi daga kallabi, ɗaya bayan ɗaya.

"Mijin ƙanwata," ta ce ba ta ɗago ba, "baɗi ka dawo da abin nan, ya fi matan garin nan iya shiƙa."

Hama ya samu jet ɗinsa, yana zuwa Lome in ranarsa ta zagayo, ban da lokacin Sallah da su takwas ke rububinsa. Alfari ya rasa kaso, ya yi wa mai rumbu sabon rufi, ya cika wa mata geron da iska ta kwashe. Riba kuwa Ma'u ce ta kwashe ta: kwana tara ta yi a ɗakin yayarta.