Ƙahon Dogo a Cikin Waya

Na'Allah yana karyawa a gidansu na unguwar Setapak, can ƙasar wajen da yake karatu, wayar Pak Samad ta shigo. Tsohon yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Korona ce, in ji shi, motar asibiti na hanya, kuma tun da ya kwanta babu wanda ya ba barewa abinci.

Pak Samad ne ke kula da gonar barewar da Na'Allah yake binciken digirinsa na uku, can bayan gari wajen Gombak. Barewar nan ba irin ta gida ba ce. Namijinta ƙahonsa rassa yake yi, ya faɗi duk shekara, sabo ya tsiro. Abin da Na'Allah ke nema shi ne me ke sa ƙahon wani ya fi na wani: jinin uba ne, ko shekaru, ko cima, ko wurin kiwo.

Matarsa Hasna ta tare ƙofa.

"Abban Khaulah, gari a kulle yake. Kuma can ne cutar take."

"Ina da izinin fita. In ban je ba, wa zai je?"

Ta miƙo masa takunkumi biyu.

Tun daga bakin gona ya ji ƙarar wayar shinge tana girgiza. Dogo ne, babban namijin garken, wanda ya gaji ƙirar ubansa, aka kuma ware shi ana ba shi abinci mai gina jiki. Bana ya kai ƙarfinsa, ƙahonsa ya fi na kowace shekara. Yunwa ta sa ya zura kai ta shinge yana neman ciyawa, rassan suka sarƙe.

Na'Allah ya matsa ya duba. Ƙahon bai gama ƙosawa ba, ɗanye ne, fata mai laushi ta lulluɓe shi, jini na gudana a ciki. In ya karye daga tushe, jini kaɗai zai iya kashe dabbar.

Ya kira likitan dabbobi. Sai la'asar, in ji likita, in an bar shi ya wuce shingen 'yan sanda. Dogo kuwa kumfa yake fitarwa, ƙafafunsa na rawa.

Na'Allah ya ɗauko filaya, ya cire rigarsa, ya matso a hankali yana bismillah. Ya jefa rigar a fuskar Dogo. Dabbar ta yi tsit. Ya fara yanka wayar ɗaya bayan ɗaya, gumi na shiga masa ido, takunkumi ya manne masa a baki. Duk wayar da ta tsinke sai Dogo ya zabura, shi kuma ya tsaya cak har ya lafa.

Saura ta ƙarshe rigar ta zame.

Dogo ya fizge da dukkan ƙarfinsa. Reshe ɗaya ya ɓalle, jini ya feso wa Na'Allah a fuska, kafaɗar dabbar ta maka shi da turken shinge. Ya zube, numfashi ya ƙi fita. Dogo ya tsaya a kansa yana huci, kofato dab da wuyansa. Na'Allah bai motsa ba, salati kawai yake yi a zuci. Can dabbar ta kaɗa kai, ta yi cikin garke.

Da jan ciki ya isa rumbu ya zuba musu abinci. Likita ya iso ya tsayar wa Dogo da jinin, ya dubi Na'Allah ya ce, "Kai ma asibiti za ka."

Haƙarƙari ne ya tsage. Da ya dawo gida sai ya killace kansa a ɗaki, Hasna tana ajiye masa abinci a ƙofa tana faɗa. Awon ƙahon Dogo na bana ya lalace, aka ƙara wa Na'Allah zangon karatu. Amma tushen bai taɓu ba, kuma da shekara ta zagayo ƙahon ya fito lafiya.