Filtar Mai da Waken Inna Furera

Duk wanda ya ce wa Khalilu ya yi wa mota juyen baƙin mai ranar kwasar wake, wallahi bai kyauta masa ba. To amma babu wanda ya ce masa. Shi ya tashi da safe, ya dubi akori-kurarsa, ya ce bari ya gyara ta tsaf kafin azahar, sannan ya je gonar mahaifiyarsa ya ɗebo amfanin.

Waken mahaifiyar tasa Inna Furera ne, wanda aka roro aka tara a tsakiyar gona can bayan fadama. Tun rasuwar maigidanta, wannan wake shi ne abincin gidan na shekara. Ya bushe ƙarau, jiran mota kawai yake.

Khalilu ya shiga ƙarƙashin mota, ya tsiyaye tsohon mai a roba. Saura filta. Ya ɗauko sifanar da ya saya a kasuwa, wata mai siririn bel na gwangwani, wadda ya zaɓa don kawai ta fi sauran ƙyalli. Ya zarga, ya murɗa, ta zame. Ya goge maiƙo da gefen riga, ya sake dannawa da iya ƙarfinsa. Ƙas! Bel ya tsinke, yatsunsa suka daki ƙarfe, filta ko gezau.

Yana tsotsar yatsa iska ta juya. Ya leƙo ya dubi gabas. Hadari ne baƙi ƙirin, bayan kowa ya gama cewa damina ta tafi. In ruwan nan ya sauka a kan waken, tsirowa zai yi ya ruɓe.

A nan ya kamata ya bar tsohuwar filta inda take, ya zuba sabon mai, ya tayar da mota. Ina! Ruɗewa ta sa ya tuna dabarar da ya ga direbobi suna yi a tasha. Ya ɗauki sukudireba, ya sa guduma ya huda cikin filtar, ya kama ƙota ya finciko. Gwangwanin ya yage kamar takarda, gindin yana nan maƙale a jikin inji. Yanzu ko ya zuba mai, ƙasa zai sha.

"Innalillahi! Na kashe kaina," in ji shi.

Ya ruga gidan maƙwabci neman amalanke. Shanu duk suna gona, kowa ta kansa yake yi. Ya kira wani direba, yana Dawanau da lodin dawa. Sai ya ari babur ya miƙi hanyar garin Kunci neman bakanike, iska na watsa masa karmami a fuska.

Ya tarar da Zaharaddini bakanike yana tattara kaya daga bakin rumfa.

"Oga, don girman Allah, sifanar filta! Kowace iri!"

"Kowace iri ita ta kawo ka nan," in ji Zaharaddini. Ya zube guda uku a kan benci. "Ka huda ta?"

Khalilu ya sunkuyar da kai.

"Ka huda. To mai kofin nan ba za ta zauna ba, tunda ka lotse kan. Mai bel kuma santsi za ta yi a maiƙo. Ɗauki mai sarƙa, ka sa ta can gindi, dab da inji, ta ciji ƙarfen. Wane mara imani ne ya ɗaure ta haka?"

"Ni ne. Na ga kamar in ba ta ɗauru tam ba za ta yi yoyo."

"Kai, Khalilu! Filta ce, ba lodin buhu ba. Sabuwar ka shafa wa robar mai, ka murɗa da hannu kawai. Tafi, ka dawo min da ita gobe."

Ko godiya bai tsaya yi ba. A hanya yana ta roƙon Allah da ƙarfi, kamar mahaukaci, a jinkirta ruwan nan ko da na ɗan lokaci ne. Tsoro ya cika shi, ga haushin kansa kamar ya mari fuskarsa.

Yana isa gida ya faɗa ƙarƙashin mota, ya zagaya sarƙa a gindin filtar, ya ja. Haƙoran suka kama. Ya danna sau ɗaya, sai ga abin da ya cinye masa yini ya juya salin-alin. Takaici ya sa hawaye suka zubo masa. Ya ɗaura sabuwa, ya zuba mai, inji ya tashi. Daidai nan ɗigon farko ya buga gilashi.

Kafin ya kai fadama ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Taya ta fara wulwulawa a taɓo, ya bar motar a kunne ya ƙarasa da gudu.

Tarin waken ya jiƙe sharkaf, ruwa na bi ta ƙarƙashinsa. Inna Furera ta shimfiɗa mayafinta da ɗankwalinta a kai, ba su rufe ko kusurwa ɗaya ba. Ita kuwa tana durƙushe kai babu lulluɓi, furfura ta manne mata a goshi, tana tura kwanson wake cikin ƙullin zaninta da hannu bibbiyu.

Ya durƙusa gabanta. "Inna, ki yafe min. Ni na jawo."

Ba ta ɗago ba. Muryarta na rawa don sanyi ta ce, "Bar kukan nan. Buɗe rigarka ka tara, ko na iri mu tsira da shi."