Tattabarun Baban Ramzi

Ranar da Kyaftin Ramzi ya kakkaɓo jirgin abokan gaba na biyar, a yaƙin Oktoba, ranar ce kuma ya ɓata a sararin samaniyar Masar. Harsashi ya farfasa masa na'urar nuna alƙibla, na'urar hango jirage ta sansani kuma ta mutu tun safe. Man jirgin saura ƙiris. Idan bai ga filin sauka ba, sai ya dira da lema, ya bar jirgin ya faɗa kan gidajen mutane.

La'asar ta yi sakaliya. Gonaki kore shar, magudanan ruwa suna ta ƙyalli, kowane ƙauye kamar ɗan'uwansa. Ramzi ya ji jikinsa ya yi sakayau, kamar a mafarki yake iyo.

"Gwani, kana ina?" in ji abokinsa Shauƙi ta rediyo, daga sansani. "Shayinka ya huce."

"Da na sani ai da na zo na sha."

"To me kake gani?"

"Tattabaru."

"Kai ɗan ƙauye! Muna yaƙi kana kallon tattabaru?"

Ramzi ya yi ƙasa-ƙasa. Garke-garke suke shawagi, a kan kowace hasumiyar katako da mai kaɗa musu tuta. Kowa da jan ƙyalle yake kiran nasa, sai mutum ɗaya da ya ɗaura tsohuwar jallabiya shuɗiya a kan sanda, hannuwanta na rawa cikin iska. Duk yankin, mahaifinsa kaɗai ke yin haka. Daga ƙauyensu kuwa, in ka bi babbar magudana ka bar rana a hagu, sansani za ta kai ka.

Ya ratsa ta kan hasumiyar, ya bi ruwan. Tayoyinsa na taɓa ƙasa injin ya yi shiru.

Bayan yaƙi ya je gida, da lambar yabo a ƙirji. Tsohon ya ɗan shafa ta, ya zuba masa shayi.

"Ku dai sojan sama ba ku da ta ido. Wani ɗan banza ya bi ta kaina da jirgi, ya watsa mini garke. Farar nan mai wuyan zinariya har yau ba ta dawo ba. Ka san shi?"

Ramzi ya hura shayinsa.

"Na san shi, Baba. Ya ce a gaishe ka."