Jinin Kadidia a Rana Tsaka

Sau uku Alkasum ya duba jinin Kadidia, sau uku bai ga komai ba. Shi kaɗai ne mai duban jini a gidan likitan. Shekara huɗu ya yi a Dakar yana koyon aikin, ya dawo Agadas ya tarar da mikroskop ɗaya, na'urar duban jini mai aiki da hasken rana, da bala'in fari, da sojoji a ƙofa.

Kadidia matar Nomau ce, mai sayar da gishirin Fachi a kasuwa. Cikinta wata bakwai. Masassara kan kama ta kwana uku kamar za ta tafi da ita, ta sake ta mako guda, ta dawo. An ba ta nibakin, maganin zazzaɓin sauro, har kunnuwanta suka toshe. Majo, shugaban ma'aikatan jinya, ya ce yunwa ce kawai, garin duka haka yake. Amma ungozoma ta gaya wa Alkasum a keɓe cewa cikin ba zai jure zuwan masassarar na huɗu ba.

Ranar da suka zo karɓar sakamako na uku, ya lura Kadidia da ƙafarta ta shigo, goshinta sanyi ƙalau. Ya tuna haka ta zo sauran lokutan ma. Ya tambayi tsohuwar da ke rakiyarta, Biba, uwar Nomau, ko sun taɓa kawo ta jikin na zafi.

"Haba ɗana, wa ke fitar da mai zafin jiki? Iska ta shige ta? Lulluɓe ta muke yi, sai ta yi gumi ta huce, mu yi mata wanka, sannan mu kawo muku ita da mutuncinta."

"Inna, ai lafiyarta kuke kawo mini. Ciwon kuna barin shi gida."

Biba ta ce in ciwon yake so ya gani, gidan ba a kulle yake ba.

Ya san wata cuta da aka nuna masu sau ɗaya a makaranta, wadda ƙwarƙwata ko kaska ke sawa. Ƙwayarta ba ta bayyana a jini sai lokacin da jiki ke ci da wuta. Da ya huce, ta ɓuya. Ya je wurin Majo ya nemi izinin fita da mikroskop. Majo ya ce kayan gwamnati ne, wanda ya fita da su ƙofa sai ya yi wa kumandan sojoji bayani da bakinsa, shi kuwa yana da iyali. Alkasum bai ja maganar ba. Ya sa gilasai biyu da allura a aljihun riga, ya ce wa Nomau duk sa'ar da ta fara rawar sanyi a kira shi.

Kwana shida aka yi. Ran na bakwai da azahar Nomau ya zo yana haki.

Ɗakin ƙasa ne, duhu, ba taga. An jibga wa Kadidia barguna uku na gwanjo, irin waɗanda aka raba wa 'yan gudun fari a bayan gari, Nomau ya samo su wurin wani makiyayi da ya rasa raƙumansa. Alkasum ya juya bakin ɗinkin ɗaya, ya ga abin da yake zato, ƙwarƙwata na tafiya a ciki. Ya soki yatsarta, ya shafa jinin a gilashi. Biba na tsaye a kansa tana cewa a rufe ƙofa.

Kafin la'asar yana gaban mikroskop a bakin taga, ya rina jinin, ya karkata madubin wajen rana. Ga su nan tsakanin ƙwayoyin jini, sirara, a murɗe kamar zaren da aka warware daga tsumma. Ya kira Majo ya duba. Majo ya daɗe da ido a kai, ya ɗago ya tambayi mutum nawa aka sallama da nibakin tun farkon shekara. Alkasum ya ce bai ƙirga ba.

Aka yi wa Kadidia allurar penisilin a gida. Ya gargaɗe su cewa jikin zai ƙara rikicewa sa'o'i kaɗan kafin ya lafa, kada su tsorata, su dafa bargunan cikin tukunya, kowa ya wanke kansa. Biba ta ce da wane ruwan. Duk da haka ta dafa.

Masassarar ba ta dawo ba. Amma naƙuda ta zo kwana biyu bayan allurar, yaron ya fito bai kai ba, ya yi numfashi daga hantsi zuwa azahar.

Nomau ne ya zo ya faɗa wa Alkasum, a tsaye a bakin taga. Ya ce Kadidia ta sha kunu, ta tashi zaune. Sannan ya tambaya, a hankali, ko da sun kawo ta da zafin tun karon farko da yaron ya tsaya.

Alkasum ya ce mai yiwuwa. Ya ce shi ma da ya sani, da ya tambaye su tun karon farko.

Nomau ya gyaɗa kai, ya yi godiya, ya koma kasuwa. Akwai mutum goma sha ɗaya a kan benci suna jira, dukansu jikinsu a sanyaye.